Ɗanɗanon Taba, Mentol ko Mangwaro: Wanne Ya Dace da Mai Son Rabuwa da Sigari?

Mutumin da ya shekara goma ko ashirin yana zuƙar sigari, wanda ya sha ƙudurta dainawa a watan azumi amma ya koma kafin a gama yawon Sallah, idan ya shiga shagon da ake sayar da sigarin lantarki, tambayar da mai shago zai fara yi masa ita ce wane ɗanɗano yake so: na taba, ko na mentol, ko na mangwaro, ko kankana mai sanyi, ko inabi. Yawancin masu saye suna ɗaukar tambayar kamar zaɓen lemon kwalba. Alhali a kanta ne hukumomin lafiya na Birtaniya da Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fi samun saɓani a shekarun nan, domin ɗanɗanon da wasu likitoci suke ganin yana taimaka wa babba ya juya wa sigari baya, shi ne kuma wasu suke ganin yana jawo yaron da bai taɓa riƙe kara ba.

Wannan rubutu na mai shan sigari ne da ya rasa hanyar da zai bi. Wanda ba ya sha, babu zaɓinsa a nan.

Tushen maganar shi ne abin da wani likita na Landan, Michael Russell, ya rubuta a 1976, cewa mutane suna shan taba ne don nikotin, amma kwaltar hayaƙin ce take kashe su. Ƙona ganyen taba yana fitar da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Sigarin lantarki, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙera samfurinsa na zamani a 2003, ba ya ƙona komai: batir ne yake ɗumama wata siririyar waya da aka naɗe da auduga, ita kuma ta mayar da ruwan da ke ciki tururi. Ruwan ya ƙunshi gilisarin da wani ruwa makamancinsa, da nikotin, da sinadaran ɗanɗano. Nikotin shi kaɗai yana da ɗaci da ƙaiƙayin maƙogwaro, saboda haka kusan duk ruwan da ke kasuwa an sa masa wani ɗanɗano, kuma ko wanda ake kira "na taba" haɗi ne na masana'anta kamar sauran.

## Ma'aunan da za a yi amfani da su

Ma'auni na farko, wanda ya rinjayi sauran duka, shi ne ko hanyar tana raba mutum da sigari ɗungurungum. Rage yawan kara ba ya rage haɗari gwargwadon yadda ake zato. Wani babban nazari da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Don haka wanda yake zuƙar tururin mangwaro da rana, ya kunna sigari bayan cin abincin dare, tsugune ba ta ƙare masa ba.

Na biyu shi ne haɗarin da ke cikin abin kansa, ga mai amfani da shi da kuma mutanen gidansa. Na uku kuɗi, kuma kuɗin wata ake lissafawa, ba na ranar saye ba. Na huɗu ƙarko da sauƙin amfani, wato kwana nawa abin yake yi, ko yana buƙatar caji, ko yana jure zafi, ko za a same shi gobe idan ya ƙare. Na biyar, wanda masu talla ba sa ambata, shi ne ƙofar fita: shin hanyar tana da ranar gamawa, ko kuwa sabon turke ne aka kafa a gurbin tsohon?

Game da kuɗi akwai gyaran da ya kamata a yi tun yanzu. Yawancin abin da ake karantawa a intanet cewa sigarin lantarki ya fi araha lissafin Birtaniya ne, inda haraji ya sa kwalin sigari mai kara 20 ya haura fam 14. A Najeriya da Nijar sigari yana da arha, kuma duk da cewa dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da shi kara-kara, mai tebur yana nan yana sayarwa. Na'urar lantarki da ruwanta kuwa kayan waje ne da farashinsu yake bin dala. Mai karatu ya ninka karan da yake sha a rana da kuɗin kara ɗaya, ya sake ninkawa da 30, sa'annan ya gwada da kowace hanya a ƙasa.

## Ruwa mai ɗanɗanon taba

Wannan shi ne mafarin mafi yawan waɗanda suka daɗe suna shan sigari, domin hannu da baki suna neman abin da suka saba. Shi ne kuma hukumomi suka fi aminta da shi: sigarin lantarki na farko da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba izinin sayarwa, a watan Oktoban 2021, mai ɗanɗanon taba ne, kuma ƙasashen da suka hana sauran ɗanɗano, irin su Finlan tun 2016 da Holan tun farkon 2024, shi suka bari. Bai cika jan hankalin yara ba, kuma warinsa ba ya sa ƙaramin yaro ya zaci abin sha ne.

Rauninsa shi ne bai yi kama da sigari sosai ba. Abin da mashayi ya sani a matsayin ɗanɗanon taba ɗanɗanon ƙuna ne, shi kuwa tururi ba ƙuna a cikinsa, saboda haka mutane da dama suna jin sa kamar kwaikwayo mara armashi da yake tuna musu da na ainihi. Bayan makonni kaɗan da barin hayaƙi, lokacin da hanci da harshe suka fara farfaɗowa, da yawa sukan ƙosa da shi. Binciken shekara-shekara da ƙungiyar yaƙi da shan taba ta ASH take yi a Birtaniya ya nuna wannan sauyi ƙarara: a 2015 ɗanɗanon taba ne kan gaba a tsakanin manya, amma zuwa 2023 na 'ya'yan itace ya kusa kai rabin masu amfani, na taba ya koma baya can.

Ta fuskar ƙarko yana da kirki idan ba a cika masa zaƙi ba. A na'ura mai ɗuri, wadda ake sake zuba mata ruwa, wayar ɗumamawa takan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin a canza ta, ita kuwa na'urar takan yi watanni ko shekara. Kuɗin farko yana da ɗan nauyi, na wata-wata ya fi sauƙi.

## Mentol da masu sanyi

Mentol ba ɗanɗano ba ne kawai, yana da aiki a jiki. Yana taɓa jijiyoyin da suke jin sanyi, kamar yadda man zafi yake yi a fata, ya dusashe ƙaiƙayin maƙogwaro, ya sa mutum ya iya zuƙa da zurfi. A sigarin hayaƙi an daɗe da sanin illar wannan: yana sauƙaƙa wa sabon shiga farawa, yana kuma wahalar da dainawa. A Amurka, inda kamfanoni suka shafe shekaru suna auna baƙar fata da tallarsa, kimanin kashi 85 cikin 100 na baƙaƙen fata masu shan sigari mai mentol suke sha. Tarayyar Turai ta haramta sigari mai mentol a watan Mayun 2020.

Ga wanda dama sigari mai mentol yake sha, ruwan mentol ne mafi kusa da abin da ya saba, har ya fi yadda ruwan taba yake kusa da sigari na gama-gari, domin sanyi abu ne da tururi yake iya bayarwa daidai. FDA ta ba irinsa izini karon farko a watan Yunin 2024. Ruwan yawanci garau yake, ba ya saurin lalata waya.

Sai dai a rarrabe tsakanin mentol zalla da abin da ake rubuta wa sunan ƙanƙara a haɗa shi da kankana ko lemo. Waɗannan sukan ƙunshi sinadaran sanyaya na masana'anta waɗanda ba su da warin na'a-na'a, kuma aikinsu shi ne ɓoye kaifin nikotin mai yawa. Mutum yakan yi ta zuƙa bai san ya wuce ƙima ba, sai ya ji jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji.

## 'Ya'yan itace da kayan zaƙi

A nan rigimar take, kuma kowane ɓangare yana da hujja ta gaskiya.

Hujjar masu goyon baya ita ce babban da ya koma ɗanɗanon da bai da alaƙa da taba yana yanke igiyar da ta ɗaure nikotin da warin hayaƙi a ƙwaƙwalwarsa, har ta kai ga idan ya sake ɗanɗana sigari ya ji shi da ɗoyi. Wani nazari da Abigail Friedman ta jami'ar Yale ta jagoranta aka buga a 2020 ya gano cewa manyan da suke amfani da ɗanɗanon da ba na taba ba sun fi masu amfani da na taba samun daina sigari. Amma irin wannan nazari bin sawun mutane yake yi, ba ya iya tabbatar da cewa ɗanɗanon ne sanadi. Mai yiwuwa ne wanda ya riga ya ƙudurta dainawa shi ne yake gudun duk abin da zai tuna masa da taba. Gwajin da ya fi ƙarfi, wanda Peter Hajek ya jagoranta a Ingila aka buga a 2019, ya raba mutum 886 gida biyu: bayan shekara guda kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun daina, a ɓangaren filasta da cingam na nikotin kuwa kashi 9.9. Kwalbar farko da aka ba su mai ɗanɗanon taba ce, aka bar su su sayi wanda suke so daga baya. Abin da za a iya ɗauka daga nan shi ne damar canza ɗanɗano tana cikin abin da ya yi aiki, ba wai wani ɗanɗano guda ya fi sauran magani ba. Gwajin ya kuma fito da wani adadi da ya shafi ƙofar fita: kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka daina ta hanyar sigarin lantarki suna nan suna zuƙarsa bayan shekara, alhali kashi 9 ne kawai na ɗaya ɓangaren suke ci gaba da filasta ko cingam.

Hujjar masu adawa ita ce abin da ya faru a makarantun Amurka. Wani sigarin lantarki mai suna JUUL ya shigo kasuwa a 2015 da na'ura mai kama da ƙaramin filashi, da nikotin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 wanda aka sarrafa don kada ya ƙona maƙogwaro, da ɗanɗanon 'ya'yan itace da na na'a-na'a, daga baya aka ƙara na mangwaro. Zuwa 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban manyan sakandare sun ce sun zuƙi sigarin lantarki a cikin watan da ya gabata. Adadin ya sauko ƙasa da kashi 8 a 2024, amma kusan tara cikin goma na yaran da suka rage masu ɗanɗano suke sha, na 'ya'yan itace a kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce akwai ɗanɗano aƙalla 16,000 a kasuwa, ta yi kira a 2025 da a haramta su. Mu ma mun ga makamancin wannan da shisha: tabar da ake jiƙawa da zuma da ƙamshin tuffa, wadda ta bazu daga Masar a shekarun 1990, ita ce ta mayar da abin da tsofaffin Larabawa suke sha a gidan shayi ya zama ado ga samari da 'yan mata a biranenmu.

Sai haɗarin sinadaran kansu. Yawancinsu an amince da su ne don ci, ba don shaƙa ba, kuma ciki da huhu ba ɗaya ba ne. Misalin da aka fi sani shi ne dayasetil, mai ba da ƙamshin man shanu, wanda ya lalata huhun ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Missouri wajen shekarar 2000. Masu bincike a Harvard sun same shi a 39 daga cikin ruwa 51 da suka gwada a 2015, kuma Birtaniya ta hana sa shi tun 2016. Adalci ya sa a faɗi cewa hayaƙin sigari yana ɗauke da wannan sinadari ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin tururi. Ɗanɗanon kirfa ma yana cikin waɗanda gwajin ɗakin bincike ya nuna suna cutar da ƙwayoyin halittar hanyar numfashi. Amma cutar huhun da ta kwantar da mutum fiye da 2,800 ta kashe 68 a Amurka tsakanin 2019 da farkon 2020 ba daga ɗanɗano ta fito ba. An gano asalinta a wani mai da ake gauraya shi da ruwan wiwi na kasuwar bayan fage. Darasinta ga mai saye shi ne ruwan da ba a san wanda ya haɗa shi ba ya fi kowane ɗanɗano haɗari.

Zaƙi kuma yana cin kuɗi. Sinadarin da ake zaƙaƙa ruwan da shi yana ƙonewa ya daskare a jikin waya, sai wayar da za ta yi mako biyu ta mutu cikin kwana huɗu ko biyar.

Dole a raba wannan rukuni gida biyu. Akwai ruwan 'ya'yan itace da ake ɗura wa na'ura mai ɗuri, inda mai shi yake zaɓen ƙarfin nikotin yana rage shi a hankali. Akwai kuma na sha-ka-yar, da ake jefarwa idan ruwansu ya ƙare, masu launin alawa, waɗanda su ne suka fi yawa a shagunan da ke sayar da kayan shisha. Waɗannan ba sa buƙatar koyo, kuma kuɗin guda ɗaya ba ya tsorata mai saye, amma a wata su ne mafi tsada. Dokar Turai ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, wato kashi 2 cikin 100, alhali da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa ƙasashen da ba su da irin wannan doka kashi 5 ne aka rubuta a jikinsu, kuma ba su da matakin ragewa. Birtaniya ta haramta na sha-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025, bayan an ƙiyasta cewa ana jefar da miliyan 5 kowane mako a 2023, kowanne da batir a cikinsa. Abin lura ne cewa ƙasar Sin, wadda masana'antun birnin Shenzhen suke ƙera mafi yawan waɗannan kaya, ta hana sayar da duk wani ɗanɗano in ban da na taba a cikin gidanta tun Oktoban 2022, ta bar ƙofar fitarwa waje a buɗe.

## Nikotin ba tare da tururi ba

Filastar nikotin da ake mannawa a dantse, da cingam, da alawar tsotsa, su ne hanyar da aka fi daɗewa ana gwadawa, kuma haɗarinsu shi ne mafi ƙanƙanta a cikin duk abin da ke ɗauke da nikotin. Filasta tana zuwa mataki-mataki, yawanci miligiram 21, sai 14, sai 7, a cikin mako takwas zuwa goma sha biyu, wato ranar gamawa tana rubuce tun farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da nau'i ɗaya kawai, filasta kaɗai ko cingam kaɗai. Taƙaitaccen nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitoci, ta fitar a 2023 ya nuna cewa a cikin mutum 100, kimanin 6 ne suke dainawa ba tare da taimako ba, 9 da nau'i ɗaya, 12 idan aka haɗa filasta da cingam ko alawa, 14 kuma da sigarin lantarki. Tazarar da ke tsakanin 12 da 14 ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Matsalarsu a wajenmu ita ce ba kowane kantin magani yake ajiye su ba, suna da tsada, kuma gumin bazara yana ɓamɓare filasta. Cingam ɗin ma ba a tauna shi kamar na yara. Ana ɗan tauna shi ne a ajiye a kumatu.

Akwai kuma ɗan ƙunshin nikotin da ake sawa a ƙarƙashin leɓe, wanda ya samo asali daga tabar leɓe ta Suwidin, ƙasar da masu shan sigari kullum suka ragu zuwa kimanin kashi 5 cikin 100. FDA ta ba wani irinsa mai suna Zyn izini a Janairun 2025. Ba ya taɓa huhu, ba ya buƙatar caji, amma shi ma da ɗanɗano yake zuwa, yana iya ɓata dasashi, kuma ba shi da ranar gamawa. Kada a kwatanta shi da garin tabar da ake haɗawa da kanwa a sa a baki, domin wannan ganyen taba ne da ba a tace ba, kuma irinsa yana da alaƙa da ciwon dajin baki.

## Ƙwayoyin da ba su da nikotin

Ƙwayoyi biyu, baranikilin da sitisin, suna zama a gurbin da nikotin yake kamawa a ƙwaƙwalwa, su rage ƙawa, su kuma rage daɗin sigari idan mutum ya koma. A wancan nazari na Cochrane sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da sigarin lantarki, kuma suna cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansu a 2024. Baranikilin mako 12 ake sha. Sitisin, wanda ake amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960, kwana 25. Tashin zuciya da mafarkai masu ƙarfi su ne abin da aka fi kuka da shi. Ba a ba mai juna biyu, mai ciwon ƙoda kuma sai likita ya daidaita masa. Wahalarsu ita ce samu.

| Hanya | Raba mutum da sigari | Haɗari | Kuɗin wata | Ƙarko da sauƙi | Ranar gamawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai ɗuri, ɗanɗanon taba | Mai kyau, amma wasu sukan ƙosa | Ƙasa da sigari sosai, ba sifili ba | Matsakaici | Waya mako 1 zuwa 2, sai caji | Sai mai shi ya sa |
| Mai ɗuri, mentol | Mai kyau ga mai shan mentol | Sanyi yana ɓoye yawan nikotin | Matsakaici | Waya tana daɗewa | Sai mai shi ya sa |
| Mai ɗuri, 'ya'yan itace | Mai kyau, yana nisanta daga warin taba | Sinadarai masu yawa, yana jan yara | Matsakaici zuwa sama | Zaƙi yana kashe waya | Ya fi wuyar bari |
| Sha-ka-yar | Sauƙin farawa | Nikotin mai yawa, jabu | Mafi tsada | Kwanaki kaɗan | Babu |
| Filasta da cingam | Mai kyau idan an haɗa biyu | Mafi ƙanƙanta | Sama, na wata 2 zuwa 3 | Ba caji, gumi yana ɓamɓare filasta | Akwai |
| Ƙwayoyi | Mai kyau | Tashin zuciya, sai da likita | Na ɗan lokaci | Wuyar samu | Akwai |

Shisha ba ta shiga jadawalin ba domin ba hanyar rage illa ba ce. Ruwan tulun yana sanyaya hayaƙi ne kawai, gawayin kuma yana ƙara iskar guba mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. Wanda ya bar sigari ya koma mata ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Abu biyu sun shafi duk mai riƙe da na'urar lantarki a ƙasa mai zafi. Batirinta irin na waya ne, ba a barin sa cikin mota a rufe da tsakar rana, ba a sa shi aljihu ɗaya da makulli, ba a kuma barin sa a caji a kwanta. Ruwan kuwa guba ne ga ƙaramin yaro idan ya sha, kuma kwalba mai ƙamshin mangwaro a gidan da yara suke shiga kowane ɗaki tana buƙatar akwati mai kwaɗo.

Wanda ya dogara ga ɗanɗano guda ya kuma san cewa doka tana iya ɗauke shi. Lokacin da FDA ta hana masu ɗanɗano na irin JUUL a farkon 2020, kasuwa ta koma kan na sha-ka-yar da dokar ba ta ambata ba, kuma wani nazarin Friedman na baya ya nuna cinikin sigari ya ƙaru a wuraren Amurka da suka taƙaita ɗanɗano. A ganina tsarin da Niyu Zilan ta ɗauka a 2021 ya fi kusa da daidai: kantin unguwa ba ya sayar da komai sai na taba da na'a-na'a da mentol, sauran kuwa sai a shago na musamman da ake duba shekarun mai saye.

## Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa gwada magani ba, kuma yana iya ganin likita ko ƙwararren mai kantin magani, ya fara da ƙwaya ko da haɗin filasta da cingam, domin suna aiki kusan daidai da sigarin lantarki kuma suna da ranar gamawa. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya kada su fara komai sai da likita.

Wanda ya gwada waɗannan ya koma, musamman wanda abin da yake kewa shi ne riƙo a hannu da zuƙa, na'ura mai ɗuri daga wajen da aka san asalin kayansa ta fi masa ci gaba da hayaƙi nesa ba kusa ba. Idan mentol yake sha, ya fara da mentol zalla. Idan sigari na gama-gari yake sha, ya fara da na taba, ya kuma ajiye wani ɗanɗano mai sauƙi a gefe, domin ranar da na taba ya gundure shi gara ya koma mangwaro da ya koma wajen mai tebur. Ya guji na kirfa da na man shanu da masu tsananin zaƙi.

Magidancin da yake da samari a gida ya zaɓi na taba ko filasta ko da ya fi son wani, saboda abin da ɗa ya gani a hannun uba da ƙamshin alawa ba ya buƙatar talla. Direban doguwar hanya da mai zama inda wuta ba ta tsayawa za su fi jin daɗin cingam ko alawar tsotsa, waɗanda ba ruwansu da caji.

Na sha-ka-yar mai kashi 5 cikin 100 ban ga wanda ya dace da shi ba, in ban da wanda yake son gwaji na kwana biyu kafin ya sayi mai ɗuri. Shi kuma wanda ya riga ya koma mai ɗuri ya yi wata uku bai taɓa sigari ba, lokaci ya yi da zai fara sauka daga miligiram 18 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, yana ba kowane mataki makonni, kuma idan ya ji ƙawar sigari tana dawowa ya koma matakin da ya baro ya ƙara zama a kansa.